Abin Da Nake Biya Don In Ci Yayana A Ƙwallo

Duk shekara, idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuɗin taki da kuɗin gem, wato wasan ƙwallo na na'ura, tare suke zuwa mini. Ba ni na tsara hakan ba. Faɗuwar da yayana ya yi da mashin a hanyar Kajiji ce ta zo a farkon damina, kuma daga wannan faɗuwar duk maganar ta samo asali.

Ni a Boɗinga nake zaune. Sana'ata haɗa sola da gyaran inbata, ina kuma taɓa noma kamar kowa. Yaya yana Shagari, hedimasta ne a wata firamare. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma tun da mahaifinmu ya rasu ina ɗan aji uku, shi ne uban. Shi ya riƙe karatuna, shi ya kai ni koyon sana'a Sakkwato, shi ya shige gaba aka nemo mini aure. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba na zama tabarma ɗaya da shi. Ba na sa hannu a kwano sai ya tashi. Idan na kira shi a waya, gaisuwa ce kawai, ya gida, ya ɗiya, ya aiki, ya ruwa, sai ya ce, "To madalla, a gaishe su," ya kashe. Na taɓa duba wayata don in tabbatar, na ga kiranmu mafi tsawo bai kai minti biyu ba, shi ma sanar da rasuwa ce. Ina son mutumin nan har cikin raina, amma na haura shekara talatin ban san abin da ke ba shi dariya ba.

Kafin in tsaya sosai kan aikin sola, na taɓa buɗe ɗan shagon gem a bakin kasuwa. Na'ura biyu gare ni da talabijin biyu, ana biya a buga ƙwallo. Bai yi shekara biyu ba na rufe shi, saboda hayaniya da rigima, ni kuma Allah bai ba ni haƙurin raba faɗa ba. Na'urorin suka koma cikin kwali a ƙarƙashin gado, matata tana jan tsaki duk ranar da take shara.

Da Yaya ya faɗi, cinya ce ta karye. Aka yi ɗori, aka ce sai ya yi watanni a kwance. Ina zuwa duba shi duk bayan kwana biyu, in durƙusa a bakin ƙofa in ce ya jiki, ya ce da sauƙi, in ɗan zauna, in tashi. Matarsa ce take ba ni labarin gaskiya a tsakar gida. Tsakanina da ita akwai wasa, irin na ƙanen miji da matar wa, don haka ba ta ɓoye mini komai. Ta ce mutumin ya zama wuta. Ya ƙirga azarar ɗakin har ya gaji, rediyo ya ishe shi, ko fura aka dama sai ya sami abin cewa.

A hanyar komawa gida na tuna wani abu. Ina ƙarami, Yaya gola ne. Na taɓa ganinsa a filin makaranta ya tashi sama ya cafke ƙwallo, mutane suna ihu. Bayan rasuwar mahaifinmu ban sake ganin ya taɓa ƙwallo ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Washegari na ɗauko na'ura ɗaya da ƙaramar talabijin, na ɗaure su a bayan mashin, na je na haɗa masa da solar da na riga na sa masa a gidan. Yana kwance yana kallona har na gama.

Ya ce, "Mi ne ne wanga?"

Na ce, "Ƙwallo ce, Yaya. Ko za ta rage maka zaman."

Ya ce, "Ni za ka kawo ma abin yara?"

Na nuna wa bango yadda ake riƙe hannun gem ɗin, wato abin da ake dannawa, na ce wannan maɓallin bayarwa ne, wannan bugawa, wannan gudu, kamar da bangon nake magana. Na ajiye shi kusa da filonsa na yi sallama.

Bayan mako biyu matarsa ta kira ni tana dariya. Ta ce, "Kai, Allah shi isam min! Ka kawo muna bala'i gida. Jiya sai da tuwo ya huce, wai shina ƙarin lokaci."

Ba a yi wata ba sai ga kiran Yaya da kansa. Bayan gaisuwa, a daidai inda ya saba cewa a gaishe su, bai kashe ba. Sannan ya ce, "An ce ana iya yin abin ga da mutum daga nesa."

Ana iyawa, amma ba kyauta ba. Ga wanda bai sani ba, haka abin yake. Idan da na'urar kanta za ka buga, ko da wanda ke zaune kusa da kai, ba ka biyan kowa. Idan kuwa kana so ka buga da wanda ke wani gari, sai ka biya kamfanin na'urar kuɗin shiga onlayin, na wata ko na shekara. Wannan daban, datar da za ka saya daban. Katin bankinmu kuma sau da yawa ba ya wucewa, sai dai ka sayi lambobi wurin masu sayarwa a Sakkwato, su turo maka ta waya, ka shigar. Mu na'ura biyu ce, don haka biya biyu ne. Na sayi na shekara saboda ya fi sauƙi a kan na wata-wata, na je na shigar masa, na bar masa hedifon mai makirfo da wata tsohuwar waya da za ta riƙa ba shi sabis. Muka tsayar da Asabar da hantsi, lokacin da babu makaranta kuma rana ta cika batir.

Ba zan manta Asabar ɗin farko ba. Ina zaune a ɗakina a Boɗinga, na sa hedifon, sai na ji muryarsa a cikin kunnena, "Salamu alaikum." Wallahi sai na tsinci kaina na zamo daga kujera na russuna ina gaishe shi, ni kaɗai a ɗaki. Matata ta leƙo ta gan ni, ta koma da sauri tana toshe baki.

Aka take wasa. Ni na yi kusan shekara biyu ina kallon gwanaye a shagona, hannuna ya san hanya. Ba a yi minti biyar ba na yanke masu tsaron bayansa na zura ƙwallo a raga. Sai da ta shiga hankalina ya dawo. Na ci Yaya! Na riƙe numfashi ina jiran abin da zai biyo baya.

Sai na ji, "Kai! Ɗan banza!"

Sannan dariya. Dariya sosai, irin wadda take kai mutum ga tari. Ya ce ƙafarsa ma ta amsa. Ban taɓa jin wannan dariyar ba tun da aka haife ni, kuma ban san lokacin da na fara tawa ba. Ranar na ci shi huɗu da ɗaya. Ɗayar da ya ci kuwa sai da ya yi mini bayaninta sau uku.

Haka muka ci gaba. Ƙafa ta warke, ya koma makaranta da ɗan ɗingishi, amma Asabar ba ta tashi ba. Ya kuma ƙware, don Yaya mutum ne mai naci. Ba ya son kai hari, tsare gida ya iya, sai ya tara mutane a baya ya bar ni ina ta kewaye ina zufa, ya jira in yi kuskure. Ni kuwa da zuciya, in na ga an kai rabin lokaci ban ci ba sai in fara buge-buge daga nesa, shi kuma yana cewa, "Buga, Auta, buga. Gidan maƙwabta ma na son ƙwallo." Auta yake kirana, don ni ne na ƙarshe a ɗakinmu.

Abin da ban zata ba shi ne hira. Ido yana kan ƙwallo, hannu yana aiki, sai baki ya saki. A tsakiyar wasa ya gaya mini cewa an taɓa kiransa gwaji a wata ƙungiya a Sakkwato, mako guda kafin mahaifinmu ya kwanta ciwo, bai je ba. Ya faɗe shi ne yana bugun kwana, kamar labarin wani. A tsakiyar wasa na gaya masa cewa shekarar da na faɗi jarrabawa, ba rashin lafiya ba ce kamar yadda na ce, kallon fim nake zuwa. Ya ce ya sani, har gidan kallon ya taɓa bina ya tsaya a waje ya koma. Ya ba ni labarin malamansa da ba sa zuwa aji ranar kasuwa. Na ba shi labarin masu sa sola da ke haɗa firji da dutsen guga a batir ɗaya sannan su zo su ce aikina ne bai yi kyau ba. Wata rana har shawarata ya nema kan ko ya sayar da albasarsa ko ya ƙara ajiye ta. Shawarata! Na yi kwana biyu ina jin daɗin wannan.

Amma idan muka haɗu ido da ido, wurin suna ko jana'iza ko Sallah, komai yana nan yadda yake. In durƙusa, ya ce madalla. Ba mu taɓa ambaton gem a gaban mutane ba. Shi mutum ne da ake kawo wa ƙarar iyakar gona da rikicin aure, ba zai so a ji cewa hedimasta yana ihu a kan fenariti ba.

A shekara ta uku ne lissafi ya shige ni. Naira ta yi ta faɗuwa, kuɗin shigan kuma da kuɗin waje ake auna shi, sai ya zama biyan mu biyu ya haura kuɗin buhun taki. Ga damina ta kawo kai. Na zauna na dubi abin da idon mai sana'a, na tambayi kaina me muke samu. Kamfanin yana cewa duk wata akwai wasannin kyauta da za ka sauke. To, da wace datar? Wasa ɗaya zai cinye abin da nake saya na wata biyu, ba mu taɓa sauke ko ɗaya ba. Suna cewa akwai ragi idan za ka sayi sabon wasa, mu kuwa ƙwallonmu ɗaya ce tun farko. Ga sabis. Ranar da hadari ya haɗu, sai 'yan wasa su daskare a tsakiyar fili, in sun farfaɗo ka tarar an ci ka. Na taɓa jifa da hannun gem saboda haka, sai da na sayi wani. A cikin dukan abin da ake biya dominsa, abu ɗaya tak muke amfani da shi, shi ma awa biyu a mako.

Matata ba ta taɓa hana ni ba, amma tana da baki. Ta ce, "Ni abin da ban gane ba, Shagari ce hwa, ba Makka ba. Tahiyar da ba ta kai awa guda ba. Ku biya mutanen da ba ku taɓa gani ba don ku yi magana da juna?"

Na ga gaskiyarta. Kai, har na ji haushin kaina da ban riga ta gani ba. Man da zan zuba a mashin in je in dawo bai kai ko kusa ba. In je da hannun gem ɗina, mu zauna a ɗaki ɗaya mu buga a na'urarsa, babu biya, babu data, babu daskarewa. Ga ladan zumunci da ƙafa. Na ji kamar na gano wata dabara da ta ɓace wa kowa.

Na gaya wa Yaya a Asabar ta ƙarshe kafin wa'adin ya cika. Ya bar ƙwallo tana yawo tsakanin 'yan bayansa. Ya ce, "Yadda ka gani." Na ɗauka ya yarda ne. Na sayi takina har da ƙari, ina jin kaina mai hankali.

Asabar ta zagayo, na isa Shagari da hantsi. Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Yana kan kujerarsa ta roba a gaban talabijin. Akwai wata kujerar a gefensa, na ga alamar don ni aka ajiye ta. Na dube ta, ƙafata ta ƙi. Ta yaya zan zauna kafaɗa da kafaɗa da Yaya? Na ja tabarma na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ina kallon talabijin a karkace. Ya dubi kujerar, ya dube ni, ya miƙo mini hannun gem.

Aka fara. Ba a jima ba na samu hanya, ɗan wasana ya fita shi da gola. A Boɗinga wannan ko ido rufe na ci. Amma ga Yaya a sama da ni, ina jin numfashinsa, ina ganin gefen furfurarsa. Babban yatsana ya tsaya a kan maɓallin. Sai na mayar da ƙwallon baya. Na sake samun wata, na buga ta sama da gangan, na ce, "Kash." Ko ni ban yarda da wannan kash ɗin ba.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure, wani dattijo ya zo gaishe da hedimasta. Yaya ya tura hannun gem ƙarƙashin kujera, ni na rufe nawa da hula, aka kashe talabijin. Aka yi gaisuwa, aka yi maganar ruwa da iri. Da ya tafi muka kunna, wani ya sake zuwa. Aka kawo fura, na ce na ƙoshi, alhali ƙishirwa nake ji. Yaya ya ci ni uku da nema. Babu wanda ya ce ɗan banza, babu wanda ya yi dariya. Da azahar ta gabato na ce zan koma, ya ce a gaishe su.

Asabar ta biyu haka aka yi, sai dai biyu da nema. A ta uku, ina shirin fita ya kira ya ce yana da baƙi, in bari sai wani makon. Wani makon ya ce ƙafar tana masa tsami saboda sanyin ruwa. Daga nan ban sake tambaya ba, shi ma bai sake tayarwa ba. Muka koma gaisuwar minti ɗaya.

Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Asabar da hantsi sai in rasa inda zan sa kaina. In je gona in tsaya ina kallon geron da ya sha taki ya yi baƙi ƙirin, in ji ba ya burge ni. Amma da taurin kaina sai na ce ai shi ya janye, wataƙila dama ya gaji da abin yara. Na yi wata biyu ina gaya wa kaina haka.

Matarsa ce ta warware mini. Ta zo Boɗinga suna a danginsu, ta biyo ta shagona da rana. Na fara tsokanarta kamar kullum, na ce ko ta gudo ne in kai ta ɗakina. Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan benci ta ce in ba ta ruwa.

Ta ce, "Kai dai ba ka da wayo, duk da kan naka na haɗa waya."

Na ce me na yi.

Ta ce, "Asabar ta farko da ka zo kuka buga, da ka tahi, ya ce min, yaron ga ya koma ba ni girma. Haka ya ce, kuma bai ci abincin rana ba. Mutumin da kowa ke durƙusa ma tun sahe har dare, wuri guda ya samu da ake cin shi ana mishi dariya, ka zo ka rushe."

Ta ce duk Asabar sai ya kunna na'urar, ya buɗe wurin da sunana yake, ya ga ba na nan, ya ɗan buga da na'ura ya kashe.

Sannan ta rage murya. Ta ce watan jiya ya tafi Sakkwato shi kaɗai, ya ce aikin ofis ne, ashe asibitin ido ya je. Ya daɗe yana karo da bakin ƙofa, yana zubar da buta, tana ɗauka ƙafar ce. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Gani yana rufewa daga gefe-gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. Ita ma a aljihun rigarsa ta ga takardar da kwalbar maganin ɗigawa. Bai gaya wa kowa ba a dangi.

Ta ce, "Da kuna abinku na kunne, da kai ya fara gaya ma. A waya ba ya iyawa, a gabanka ba ya iyawa. Ka san shi."

Na san shi. Abin da ya ƙona mini rai ke nan, na san shi, kuma na san kaina, amma na zauna na auna abin da buhun taki. Na raka ta ta hau kabu-kabu, na dawo na rufe shago tun la'asar ba ta yi ba.

A gida na gaya wa matata komai, da ɗan zafi a muryata, kamar ina neman wanda zan ɗora wa. Ba ta karɓa ba. Ta ce, "A'a, Malam, tsaya. Ni cewa na yi Shagari kusa ta. Ban ce ka tahi ka zauna mishi ƙasa kamar mai neman gafara kana zubar da ƙwallo ba." Sannan ta ce, "Kira mai lambobin. Yau."

Na kira shi. Kuɗin ya ƙara hawa a kan na watannin baya, ban ko yi ciniki ba. Ban kai wa Yaya da kaina ba, don na gane zuwana ba ya gyara komai. Na tura lambobin zuwa wayar matarsa, na yi mata bayani dalla-dalla inda za ta shiga. Ta ce sai da ta yi sau uku kafin ta dace, shi kuma yana zaune yana karatun jarida a juye, wai bai san abin da take yi ba.

Ranar Asabar tun kafin hantsi na kunna. Na share hedifon, na zauna, na tashi, na sake zama. Can sai ga alamar sunansa ta kawo haske.

"Salamu alaikum."

Na amsa, na gaishe shi. Wannan karon ban sauka daga kujera ba.

Ya ce, "Taki ya yi araha ke nan?"

Na ce, "Gero ya ƙoshi, Yaya."

Ya ce, "To, sa muna."

Muka fara. Tun a mintunan farko na ga abin da matarsa ta faɗa. Idan na biyo ta tsakiya, yana nan daram kamar da. Idan na fita ta gefen fili, sai in wuce babu wanda ya tare ni, sai na shigo kusa da raga sannan 'yan wasansa su zabura. Na ci ɗaya ta dama. Na ci ta biyu ta hagu. Ya ce ɗan banza, amma a hankali.

Bayan hutun rabin lokaci, ƙwallo tana ƙafar golansa, ya ce, "Auta, na je asibiti."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Ya gaya mini duka, yana bayarwa yana karɓa. Abin da likita ya ce, da maganin da zai riƙa ɗigawa har ƙarshen rayuwa, da tunanin da yake yi na ajiye aiki kafin a fara lura a makaranta. Ya ce abin da ya fi damunsa karatun Alƙur'ani da asuba, layin yana guduwa. Ya ce yana jin tsoro. Yayana, da bakinsa, ya ce yana jin tsoro. Na ce Allah ya sa kaffara ne, na ce zan riƙa kai shi asibitin da kaina, ya ce to. Ban nuna na riga na sani ba.

Idona ya cika, ina ganin filin dishi-dishi. Na samu ƙwallo a gefen dama, hanya a buɗe har raga. Sai na tsaya. Na juya na mayar da ita tsakiya, inda yake gani, na bar ɗan wasansa ya ƙwace. Na sake yin haka sau ɗaya.

Sai wasan ya tsaya cak. Shi ya tsayar.

Ya ce, "Auta."

Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Idona ne ya rage, ba hankalina ba. In ka koma yi min irin ta ɗakina, in kashe abin ga, kuma ba ni sake kunna shi. Masu tausaya min sun yi yawa, za su ƙaru. Kai ba aikinka ba ne."

Na share fuskata da hannun riga. Na ce, "To, saki wasan."

Ya saki. Na bi ta gefen dama, inda na san ba ya gani, na shiga na buga da dukan ƙarfina. Raga ta motsa.

Ya ce, "Ɗan banza!" Wannan karon da ƙarfi, har na ji matarsa daga tsakar gida tana tambayar lafiya.

Yanzu idan abokan sana'a suka tambaye ni ko biyan kuɗin onlayin ɗin nan yana da amfani, nakan ce ya danganta da wanda ke ɗaya gefen. In wasannin kyauta kake hange da datar garin nan, riƙe kuɗinka. In abokin wasanka wanda za ku zauna benci ɗaya ne kuna zagin juna, hau mashin ka je, ya fi. Ni nawa ba haka yake ba, kuma na daina jin kunyar faɗa.

Bana ma na biya, na rage buhu ɗaya a takin gonar gero. Na kai wa Yaya babbar talabijin na matso masa da ita kusa da kujera, duk da haka abin da yake gani ya ƙara tsukewa. Ya ajiye aiki. Lambobin da ke saman allo sun fita daga inda idonsa ke kaiwa, don haka idan alƙalin wasa ya hura tashi, ni yake tambaya.

Asabar da ta wuce ya ce, "Nawa aka tashi?"

Na ce, "Biyar da nema, Yaya."

Ya ce, "Ba ka rage ko ɗaya ba?"

Na ce, "Ko ɗaya."

Ya ce, "Madalla. Sake sa muna wani."